Alhaji, dakata tukuna kafin ka saida kamiyo ka sai jirgi

Wani Alhaji daga unguwar Zango ya turo mini wannan saƙo, na ɗan rage shi don ya yi tsawo:

"Salamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne nan Damagaram, ina da kamiyo uku suna ɗaukan kaya tsakanin nan da Agadas da Kano. Ɗan ƙanwata da na riƙe tun yana ƙarami yana koyon tuƙin jirgi a Afirka ta Kudu. Ya ce in sai ƙaramin jirgi Cessna 172 okaziyo, miliyan 65, in ba lakol ɗinsu haya, za su riƙa biyana jika 30 duk awa ɗaya da ya tashi, man jirgi nasu, gyara nawa, kuma sun ce zai yi awa 60 a wata. Injin ya riga ya ci awa 1,200. Da fari ya ce mini asiransi ba zai wuce miliyan ɗaya da rabi a shekara ba, yanzu takarda ta zo miliyan 5, kuma in an yi hatsari ni zan fara biyan miliyan 3. Mai lakol ɗin ya ce in na ga ya yi tsada in bari su sa jirgin cikin nasu asiransin. Sai na saida kamiyo biyu kuɗin za su kai. Uwar yaron kullum tana waya, uwargida kuma ta ce ba da ita ba. Na kasa barci. Mi zan yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Toh bari in fara da abinda ya fi damunka ko da ba ka faɗa ba, yaron nan ban ga alamar yana son ya cuce ka ba, miliyan ɗaya da rabi da ya faɗa maka ba lalle ƙarya ba ce, irin farashin da ake ba mutum ne in jirgin nashi ne shi kaɗai ke tuƙa abinshi ranar hutu, ya ajiye a rumfa sauran kwanaki. Da dai ka ce ma dillalin asiransi jirgin lakol za shi, ƴan koyo ne za su hau, sai ya jawo wata takarda daban. Kai ma da kake da kamiyo ka san wannan, motar da kake zuwa masallacin Juma'a da ita da wadda ka ba oto-ekol ƴan koyo na ta murza kulocinta tun safe har la'asar, ai ba kuɗi ɗaya za a ce ka biya ba. Yaron ya tambayi farashin da ba naku ba ne kawai.

Jirgin da ya zaɓa kuma ba laifi. Cessna 172 tun 1956 ake saida shi, an ƙera sama da 44,000, babu wani jirgi da aka ƙera da yawa kamarshi a duniya, kujera huɗu, makanikai sun san shi ciki da waje, kayan gyaranshi ba su ɓata ba. Shi ya sa makarantu ke son shi. Sai dai ka tsaya ka yi tunani, in har jirgin nan na kawo kuɗi yadda suka zayyana maka, mi ya hana mai lakol ya je banki ya ci bashi ya saya da kanshi? Amsar ita ce ya fi son wani ya zuba jari, wani ya ɗauki injin, wani ya ɗauki asiransi, shi kuma ya biya awar da aka tashi kaɗai. Ranar da ba a tashi ba bai da asara ko dala. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, kuma a wannan wasan kai ne kura Alhaji.

Mu ɗauki alƙalami da lambobin da ka turo. Awa 60 a wata sau jika 30, miliyan ɗaya da jika 800, a shekara miliyan 21 da jika 600. Na san wannan lambar ce ta sa ka fara kallon kamiyonka biyu da wani ido. Amma injin da ke cikin irin wannan jirgi, yawanci na kamfanin Lycoming, masu ƙera shi sun ɗibar mishi awa 2,000 ko shekara 12, wanda ya riga zuwa, sai a sauke shi a wargaza a sabunta gaba ɗaya. Ka nemi su rubuto maka kuɗin wannan aiki, ni dai bari in ɗauka miliyan 20 don lissafi ya yi sauƙi, kenan duk awa ɗaya da jirgi ya tashi jika 10 daga cikin jika 30 ɗin nan ba naka ba ne, na inji ne, ajiya aka ba ka. Kuma naka ya riga ya ci 1,200, saura 800, in da gaske awa 60 zai riƙa yi a wata to wata 13 da ƴan kwanaki ya kai, ka tara miliyan 8 ana nemanka da 20, sauran 12 ɗin daga kamiyo na uku za su fito. Ban ma zo kan duba na kowace awa 100 ba, wanda dole ne ga jirgin haya ko na koyarwa, sau 7 kenan a shekara, ga canjin baƙin mai, ga taya da birki da ƴan koyo ke cinyewa kamar ƙuli, ga kuɗin rumfa, ga lampo na can ƙasar.

Yanzu ka raba awannin biyu, ka ce 30 a wata, don alkawarin awa 60 a baki yake ba a takarda ba. Miliyan 10 da jika 800 a shekara. Cire 5 na asiransi, don shi ko jirgi ya tashi ko ya kwana a ƙasa kuɗinshi ɗaya ne, cire 3 da jika 600 na inji, ya rage miliyan 2 da jika 200 ba a duba jirgi ko sau ɗaya ba. Ɗalibi ɗaya ya buga shi da ƙasa, miliyan 3 ɗin nan na faranshiz, wato kason da kai za ka fara biya in an yi hatsari, ya cinye shekarar har da ta gaba. Kamiyonka biyu nawa suke kawo maka a shekara? Kai ka sani, ka ajiye lambobin kusa da juna.

Kuma bugawa da ƙasa a lakol ba abin mamaki ba ne, wanda ya sai rariya ya san za ta zub da ruwa. Ɗan koyo aikinshi kenan, ya tashi ya zagayo ya sauka ya sake tashi, sau 8 sau 10 a awa ɗaya, sannan wata rana malaminshi ya fita ya bar shi shi kaɗai. Abinda ya fi faruwa ba faɗowa daga sama ba ne, saukar da ba ta yi daidai ba ce. Yaro ya zo da gudu, ya dira kan tayar gaba maimakon na baya, jirgi ya yi tsalle kamar akuya, ya sake dira, ƙarfen da ke raba inji da wurin zama ya lanƙwashe, bakin farfela ya taɓa kwalta. Kai in ka gani za ka ce ai ɗan lanƙwasa ne a miƙe shi, amma a ƙa'idar Lycoming da farfela ta bugi ƙasa haka sai an buɗe inji an duba cikinshi. Jirgi ya shiga garaj, ana jiran eksper mai ƙiyasta ɓarna, ana jiran kaya su zo daga Amurka, wata biyu wata uku ba ya kawo ko dala, kuma asiransi na yau da kullum ba ya biyanka kuɗin hayar da ka rasa. In sun buɗe injin suka tarar da abinda tsufa ya cinye ba bugun ba, wannan ma naka ne, su hatsari suke biya ba tsufa ba. Sannan a rubuta abin a littafin jirgi, kuma littafin nan na bin shi har abada, ranar da za ka saida mai saye zai buɗe ya gani ya rage maka kuɗi. Ga ƙanƙara, wajen Johannesbag da damina tana saukowa manya-manya, jirgin da aka bari a waje tana iya mayar da fikafikanshi kamar tsohon kwano, ka tambaya a rumfa zai kwana ko a fili, kuma asiransin ya san da haka.

Toh sai maganar da ta fi tsaya mini a rai, wai ka bari su sa shi cikin nasu asiransin. Yana iya zuwa da sauƙin kuɗi kam, don mai jirage da yawa ana yi mishi ragi, ban ce ka ƙi ba. Amma bari in ba ka wani labari. Shekarun baya ina aiki wani biro na asiransi, wani dattijo ya shigo da jakar leda ƙarƙashin hammata, ya zauna ya zazzage takardu kan tebur, kamiyonshi da ya ba wani haya ta kife a hanyar Tanut. Karti-giriz da sunanshi, rasit na saye da sunanshi, komi da sunanshi, sai takarda ɗaya, ta asiransi, da sunan mai haya. Kuɗi sun riga sun fita wata guda da ya wuce, mai haya ya karɓa, lambarshi ba ta shiga. Dattijon nan ya cire hula ya ajiye kan gwiwa ya ce da ni "ɗana, amma ai motata ce." Na ce mishi Baba gaskiya ne, amma mu wanda ke cikin takarda muka sani. Har yau in na tuna yadda ya maida takardun nan ɗaya bayan ɗaya cikin leda sai in ji ba daɗi. Kuma shi a ƙasarshi ne, da harshenshi, yana da wanda zai kai ma ƙara. Kai naka jirgin na can ƙarshen Afirka.

Saboda haka in ma za ka shiga nasu, asiransin jirgi kashi biyu ne kamar na mota, akwai na jikin jirgin, irin turiski kenan, akwai na ɓarnar da zai yi ma wasu, mutanen ciki da na ƙasa. A na farko sunanka ya fito ƙarara a matsayin mai jirgi wanda za a biya kuɗin a hannunshi, kuma a rubuta ƙimar jirgin tun yanzu, miliyan 65 ɗin, ba a bari sai ya lalace a zo ana cinikin nawa ya kai ba. A na biyu ma a sa sunanka cikin waɗanda aka kare, don in jirgi ya faɗa gidan mutane ko ɗalibi ya rasu, Allah ya kiyaye, lauyan iyalin zai nemi duk wanda ke da hannu, har mai jirgi. Sai abu na uku da mutane ba su sani ba, kamfanin asiransi na da sharuɗɗa, wane ne zai tuƙa, awa nawa malami ya taɓa yi, takardun duba sun cika ko ba su cika ba, wace ƙasa aka yarda ya shiga. In lakol ta karya ɗaya daga ciki, ko ta yi jinkirin biyan kuɗin wata, suna iya cewa ba za su biya ba, kai kana nan Zango kana shan shayi ba ka san an daɗe da tsiraita ka ba. Akwai ƙarin sharaɗi da masu ba da haya da bankuna ke nema, wanda ke cewa ko mai haya ya saɓa, mai jirgi za a biya shi, da wani da ke tilasta ma kamfanin ya sanar da kai tun da sauran kwanaki kafin ya soke. Ka nema, kuma takardar ta fito daga hannun kamfanin ko dillalinshi kai tsaye, ba hoton da mai lakol zai turo ta WhatsApp ba. Faranshiz kuma, mi ya sa kai za ka biya kuskuren ɗalibinsu? A can Afirka ta Kudu abu ne sananne ƴan koyo su yanki wani ɗan ƙaramin asiransi da ke biyan faranshiz in sun yi ɓarna, yaronka ya san shi, wataƙila ma yana biya, to a rubuta cikin kontira cewa faranshiz na lakol ne ko na wanda ya tuƙa.

Wani ƙaramin abu amma kuɗi ne: awar da za su biya ka, ta wane agogo? Jirgin na da biyu. Ɗaya na ƙirga lokaci sak tun da aka tada inji har a kashe, ɗaya kuma na bin juyawar inji, in jirgi na tsaye yana jiran izini ko yana tafiya a hankali a ƙasa sai ya riƙa jan ƙafa. Ana iya cajin ɗalibi da na farko a biya ka da na biyu, kuma a lakol da rabin aikin tashi da sauka ne bambancin ba kaɗan ba ne.

Sai mallaka. Ƙasashe da yawa ba su barin baƙon da ba mazauni ba ya yi rajistar jirgi da sunanshi, sai ya buɗe kamfani a can ko a sa sunan wani. Ka tambaya da sunan wa za a yi. In sun ce na lakol, ranar da bashi ya ci su, masu garaj da masu filin jirgi za su riƙe abinda suka gani, kuma makarantun tuƙi na rufewa, ka tuna ƙarshen Maris 2020 da korona ta sa aka kulle ƙasar, jirage suka zauna, kuɗin rumfa da asiransi ba su zauna ba. Akwai yarjejeniyar Kef Tawun ta 2001 da ke taimaka ma masu ba da hayar jirage su karɓe kayansu, sai dai ta fara ne daga jirgi mai ɗaukar mutum 8 da inji mai ƙarfin doki 550, naka mai kujera 4 bai shiga ba, kotun can da lauyan can kawai gare ka. In kuma sun ce da sunan yaron, to ka ɗora mishi kayan da za su iya raba ka da ƙanwarka. Ga kuɗin kansu, sefa ɗinmu a ɗaure take da yuro, 655.957, amma su randi, kuɗin Afirka ta Kudu, za su biya ka, kayan gyara kuma da dalar Amurka ake saye, duk lokacin da randi ta faɗi haya ta ragu gyara ya ƙaru.

Na san za ka ce to in abin ya ƙi sai in kawo shi gida, ai muna da filin jirgi. Wa zai haya? Makarantar EAMAC da ke Yamai masu kula da zirga-zirgar sama da masu duba yanayi da injiniyoyi take horarwa, ba matuƙa ba. Kuma jirgin ba kananzir na manyan jirage yake sha ba, wani fetur ne na musamman da ake ce ma abgas, yana shan wajen lita 30 da ƴan kai a awa, samun shi a yankinmu wahala ne, makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ma da ke nan tun 1964 ta sayo jiragen Diamond masu shan kananzir. Ga hazo da ke rufe mu da sanyi har ba ka hango duwatsun Birni, ɗan koyo kuma da ido yake tashi. Asiransin ma sai an sake shi, don yana da iyakar ƙasashe, kuma yaƙi da ƙwace da tarzoma ba su cikin na yau da kullum, sai ka saya daban.

Ni dai shawarata, kar ka saida kamiyon nan. Uwargida ta fi ka gaskiya wannan karon, ka yi haƙuri ka gaya mata. Sana'ar kamiyo ka san ta, shofer ya yi maka ƙarya kana ganewa daga muryarshi, ƙarar inji kawai za ka ji ka san an saci gazuwal, ka tura yaro tasha ya dubo. Jirgi fa sai abinda aka gaya maka, da turanci, daga nisan da ba ka iya zuwa sai da biza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu cin riba a wannan harka yawanci ko matuƙa ne da ke zaune kusa da filin suna shiga su duba littafi duk sati, ko makanikai masu gyara da hannunsu, ko masu neman ragin lampo a ƙasarsu, kai ba ka cikin ko ɗaya.

Kuma ina zargin abinda yaron ke nema a ƙasan zuciyarshi ba riba ba ce, awanni ne. Lasisin farko awa 45 ake nema a can, amma na wanda za a ɗauka aiki a biya shi sai awa 200, kuma tsakanin biyun nan ne kuɗi ke ƙare ma yara da yawa, sai ya ga in jirgin kawu ne zai tara awanninshi da arha. In haka ne to ka raba zumunci da kasuwa. Ka kira shi, ba ta bakin uwarshi ba, ka ce ya gaya maka awa nawa suka rage mishi da nawa ake biyan kowace, ka biya abinda za ka iya kai tsaye ga lakol kashi-kashi, kowane kashi da rasit. Wannan kuɗi ka san sun tafi, ba ka jiran su dawo, ba wanda zai ji kunyar wani ranar Salla. Zai yi wuya ya kai kuɗin kamiyo ɗaya, kuma yana da ƙarshe.

In kuma duk da haka zuciyarka na kan jirgin, ni ba zan riƙe maka hannu ba, amma ba da kuɗin abin da ke ciyar da gida ba, kuma kafin dala ɗaya ta fita ka ce su turo abu huɗu: awannin da sauran jiragensu na haya suka yi wata-wata a shekara biyu da suka wuce, hatsarin da suka kai ma asiransi a shekara biyar, lambar wayar mutum biyu da suka ba su jirgi haya har da wanda ya janye nashi, da yarda a rubuce cewa za su biya ka aƙalla awa kaza a wata ko an tashi ko ba a tashi ba. Makaniken da zai duba jirgin kafin saye kai za ka ɗauko shi ka biya shi, ba na lakol ba, ba na mai saidawa ba. Batun halacci ko rashin halaccin asiransin kuma ka kai ma malaminka, ba fagena ba ne.

Hajiya ƙanwarka kuwa, kar ka yi mata bayanin faranshiz a waya, ka je gidanta bayan isha'i da takardar lissafin nan a aljihu, ka fara da gaya mata nawa ka ware ma karatun ɗanta kafin ka ce mata ba za ka sai jirgi ba. In lakol ta turo takardun nan huɗu ka aiko mini mu duba tare.